Kilam ɗin da ya kamata ka fara saya idan za ka buɗe shagon kafinta a Legas

Assalamu alaikum 'yan uwa kafintoci, musamman ku matasa da kuka gama koyo a wajen oga kuna shirin tsayawa da ƙafarku, ko a Agege kake ko Idi-Araba ko Mile 12. Maganar kilam nake so mu yi yau, wato ƙarfen da ake matse katako da shi a riƙe shi har gam ya kama, saboda shi ne kayan aikin da kusan kowa ke barinsa sai ƙarshe. Yaro zai tara kuɗi ya sayi zarto da filen da dirila, amma ka leƙa shagonsa ba kilam ko ɗaya, in an zo haɗa katako sai ya shafa gam ya ce wa ƙaninsa zo ka danne min nan, ya bi da ƙusa mai inci 3 ya ce an gama. Aikin zai tsaya ranar da aka kai shi, amma mai kaya zai dawo yana nuna maka layin da ya buɗe a tsakiyar teburinsa, kuma a garin nan in kwastoma ɗaya ya fita da fushi to duk layinsu sun ji.

Dalilin kuwa a fili yake. Farin gam da muke aiki da shi, irin su Top Bond, ba ya cike rami, ƙarfinsa yana fitowa ne idan fuska biyu na katako sun haɗu ƙam an riƙe su a haka har ya kama. Ƙusa wuri ɗaya take riƙewa, tsakanin ƙusa da ƙusa katakon yana nan a sake, sannan in iroko ne ko wani mai tauri ka buga ta kusa da baki sai ta tsaga maka shi. Hannun mutum kuma ba zai iya danne abu na awa guda ba tare da ya motsa ba.

To mataki na farko ba kasuwa ba ne, ka zauna da tef da biro tukuna. Ka rubuta aikin da kake sa ran zai fi shigo maka a watannin farko, ba wanda kake mafarkin yi ba. In unguwarku aikin kabad ɗin kicin da wadirof ne ya fi yawa, to da filawud da MDF, wato fallen garin katako da aka matse, za ka dinga kokawa, falle ɗaya ƙafa 4 ne a ƙafa 8, kuma zurfin kabad yawanci inci 24 ne. In ƙofofi ne, faɗin ƙofar ɗaki wajen ƙafa 3 ne. In benci da tebur na makarantun Islamiyya ne ko teburin masu shayi, to haɗa katako gefe da gefe ne zai fi yawa. Ka auna mafi faɗin abun da za ka dinga matsewa, ka ƙara masa aƙalla inci 4, wannan shi ne tsawon dogon kilam ɗin da kake nema. Nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi, mutum ya sayi mai inci 24 don kabad mai inci 24, ya zo gida ya ga bai shiga ba, domin sai ka sa guntun katako a baki biyun don kar ƙarfen ya lotsa aikin, su ma suna cin wuri.

Mataki na biyu, ka fara da F-kilam. In kuɗinka na abu ɗaya ne kacal to shi za ka saya, ban ga wanda ya kai shi amfani a shago ba. Sanda ce ta ƙarfe da baki ɗaya a kafe a sama, ɗayan bakin yana zamewa a jikin sandar, da sukuru da mariƙi. Ka zame shi ya taɓa katako, ka murɗa sau biyu uku, ya kama. Da shi za ka riƙe katako a jikin benci in kana yanka ko huda, da shi za ka riƙe miƙaƙƙen katako a kan filawud ya zame maka jagora in kana bi da injin yanka, da shi za ka haɗa durowa da ƙafar kujera. A jikinsa za ka ga lamba biyu da milimita, misali 80 da 300, ko 120 da 500. Ta farko zurfin bakinsa ce, wato iya nisan da zai shiga cikin katako daga gefe, ta biyu kuma iya buɗewarsa. Mai 300 shi ne inci 12, kuma shi ne na kullum, ka nemi guda 4. In da hali ka ƙara guda 2 masu 600. Dan Allah kar ka sayi ɗaya ɗaya kala daban daban, kilam bibbiyu yake aiki, in ka matse gefe ɗaya kawai ɗayan gefen zai ɗaga, shi ya sa 4 iri ɗaya suka fi 6 da kowanne da tsawonsa.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi cin kuɗi kuma ya fi buƙatar tunani, wato dogayen. Hanya biyu ce a gabanka. Akwai sash, doguwar sanda mai huji huji a jere da ake soka ƙarfe a ciki don tsayar da bakin baya, shi ne tsofaffin kafintoci suka saba da shi wajen ƙofa da taga. Mai kyansa wanda sandarsa ke da siffar T ba ya lanƙwasa da wuri, in ka ci sa'a ka samu tokumbo na Record, wanda aka yi a Sheffield ta Ingila, ka riƙe shi da hannu biyu, jikokinka ma za su yi aiki da shi. Matsalarsa tsada da nauyi, kuma tsawon da ka saya shi ke nan ba ƙari.

Hanya ta biyu, kuma ita na fi ba mai farawa shawara a kai, kilam ɗin fayif. Kawuna biyu kawai kake saya, ɗaya mai sukuru da ake ɗaurawa a kan tiredin fayif, wato haƙoran da ake yankawa a bakinsa, ɗaya mai zamewa, fayif ɗin kuma ka sayo a wajen masu kayan famfo. Ka ɗauki na fayif mai inci uku bisa huɗu, na rabin inci yana gantsarewa da zarar ya wuce ƙafa 3 aka matse shi sosai. Fayif guda mita 6 ne, kusan ƙafa 20 ke nan, ka ga in aka yanka maka ƙafa huɗu huɗu ka samu guda 4 har da saura. Ka sa a yi wa kowanne tiredi a baki biyu, saboda ranar da aikin wadirof ko dogon tebur ya zo sai ka haɗa biyu da soket ka samu mai ƙafa 8 ba tare da ka sayi sabon abu ba. Abu biyu ka kiyaye a nan. Na ɗaya, ka tafi da kan kilam ɗin a hannunka wajen mai yin tiredi a gwada a gabanka, domin wasu kawunan an yi su ne da ma'aunin Amurka mu kuma masu famfonmu da na Ingila suke aiki, sun yi kusa amma ba ɗaya ba ne, gara a gwada a gani ya shiga ya zauna. Na biyu, baƙin fayif ya fi farin nan mai rufin zinki, saboda bakin baya yana iya sulɓewa a kan farin in matsi ya yi ƙarfi. Na san a Legas mutum zai ce ai farin ne ba ya tsatsa, gaskiya ne, amma tsatsa tana da magani za mu zo kanta, sulɓewa kuwa a daidai lokacin da gam ke bushewa ba ta da magani.

Me ya sa nake ta cewa guda 4 ba 2 ba? Matsin kilam ba ya bin layin haɗi gaba ɗaya, daga bakinsa yake bazuwa a karkace zuwa gefe biyu, don haka kowanne yana ɗaukar wajen inci 10 zuwa 12 ne kawai, in katakan siraran ne ma bai kai haka ba. Saman tebur mai tsawon ƙafa 4 ka ga 4 yake so, 5 ma ya fi. Da guda 2 bakunan za su haɗu tsakiyar ta zauna a buɗe, ko kuma ka matse tsakiya bakunan su buɗe.

Bayan waɗannan sai ƙananan, su ba sai na daɗe a kansu ba. G-kilam, wato mai siffar harafin G, mai inci 4 guda 2, yana da ƙarfi sosai amma murɗa shi na cin lokaci, ya fi dacewa da abun da za ka kafe ka bari, kamar ɗaure ƙaramin inji a benci. Bel ɗin ɗaure kaya irin na direbobin tirela, ƙaraminsa guda 1 ko 2, shi ne maganin kujera da firem da duk abun da ke da kusurwa huɗu, ka zagaye ka ja, sai dai ka sa kwali a kusurwoyin. Sannan ka je wajen mai faci ka karɓi tsohon tub na mota ka yanka shi tsiri tsiri, in ka naɗe ƙafar kujerar da ta tsage da shi kana ja kana naɗewa wallahi matsin da yake yi zai ba ka mamaki, kuma yana shiga inda ƙarfe ba zai zauna ba. Mai kunamar nan da ake matsawa da hannu ɗaya, irin Quick-Grip na Irwin, yana da daɗin aiki in kai kaɗai ne a shago kana so ka riƙe abu kafin ka ɗaura sukuru, amma ba shi da ƙarfin haɗa saman tebur, kuma na arahar roba ce zalla, ka bar shi sai ka samu sarari. Haka ma na kusurwa da manyan nan na Bessey 'yan Jamus da kake gani a bidiyon Turawa an jera su a bango, suna da kyau ba musu, amma kuɗin guda ɗaya zai iya saya maka F-kilam da yawa, ba yanzu ba.

To yanzu a shiga kasuwa. Sababbi za ka same su a Agarawu cikin Idumota da kuma Trade Fair ta hanyar Badagry, su Ingco da Total da Stanley duk suna nan, tare da marasa suna. Tsofaffi kuma ka leƙa Owode Onirin tunda ba nisa daga Mile 12, sannan ka yi magana da 'yan uwanmu 'yan gwangwan, ka nuna hoto a waya ka ce Alhaji dan Allah in irin wannan ya faɗo hannunka ka ajiye min kar a auna shi a kilo. Farashi yana bin dala ne, don haka ka taya a shago uku kafin ka ciro kuɗi. Kuma ka sa guntun katako mai tauri a aljihu, da shi za ka yi gwaji, duk mai shagon da ya hana ka gwadawa ka yi masa sallama ka yi gaba.

Ga yadda za ka duba. Ka ɗaga sandar ka kai ido ka kalle ta a tsaye daga baki zuwa baki, in ta karkace ko kaɗan ka ajiye. Ka rufe bakin gaba ɗaya ka ga ko faifan da ke kan sukurun ya sauka daidai a kan bakin sama, in ya kauce gefe to haka zai dinga tura maka katako yana zamewa a kan gam. Faifan nan kuma ya zama yana juyawa a sake amma ba ya fita, ka ja shi da yatsa ka gani, domin shi ne farkon abun da ke ɓacewa a na araha, in ya fita kuma tsinin sukurun zai huda maka aiki. Ka dubi tiredin sukurun, mai kauri mai faɗin haƙori ake so, ba siriri irin na noti ba, ka murɗa daga farko har ƙarshe ka ji ko yana sarƙewa a wani wuri. Daga nan sai ka sa guntun katakonka ka matse da ƙarfi kamar yadda za ka yi a shago, ka zuba ido a kan abu biyu, shin bakin ƙasa yana zamewa baya, shin sandar tana gantsarewa har ido ya gani. Ɗan lanƙwasa kaɗan a dogo ba laifi ba ne, amma mai inci 12 da ya gantsare a hannunka ba kaya ba ne. A G-kilam kuma ka duba bayan wuyansa da kyau, inda ya lanƙwaso, nan yake tsagewa, musamman na kas, wato zubin ƙarfe, mara kyau wanda ba ya lanƙwasa sai dai ya karye ɓaras, in tokumbo ne ka kankare fentin wajen ka ga ko an taɓa yi masa walda. Seti ɗin nan da ake ƙullawa a leda guda 10 ko 12 da kuɗi kaɗan kuwa, araha ba ta ado, rabinsu ƙanana ne da ba za ka taɓa ɗauka ba.

In ka zo gida da su kar ka fara da aikin kwastoma, ka gwada da ragowar katako. Da farko ka tabbatar katakon ya bushe, wannan babbar magana ce a Legas. Katakon da aka yanko daga gungumen da ya kwana a ruwa irin wanda aka saba gani a da wajen masu yankan katako na Oko Baba, ko wanda ka ɗauko sabon yanka a kasuwar Amu ta Mushin, in ka haɗa shi da ɗanyensa ba kilam ɗin da zai cece ka, zai ja jiki daga baya ya buɗe, balle a ce mai kayan Kano ko Sakkwato zai tafi da shi hunturu ya same shi a can. Ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska ta ratsa. Na biyu, ka gyara gefen da filen har in ka haɗa biyun ka ɗaga su wajen haske ba ka ganin haske ta tsakani. Kilam riƙewa yake yi, ba aikinsa ba ne ya tilasta wa karkataccen katako ya miƙe, in ka rufe rami da ƙarfin tsiya katakon zai yi ta ja har ranar da zai fi ƙarfin gam ɗin.

Sai ka yi gwajin haɗawa ba gam. Ka jera komai, ka saita kowane kilam a faɗin da ake so, ka yanka guntayen katakon da za ka sa a baki ka ajiye su kusa, da jiƙaƙƙen tsumma. Wannan ba ɓata lokaci ba ne, farin gam minti 5 zuwa 10 yake ba ka kafin ya fara kamawa, da zafin rana ma bai kai ba, ba lokacin neman kilam a ƙarƙashin benci ba ne. In ka shafa gam, ka sa dogayen ɗaya a ƙasa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, in duk ka jera su a ƙasa saman teburin zai gantsare. Ka fara daga tsakiya, ka murɗa kaɗan kaɗan kana zagayawa, kar ka ƙure ɗaya sannan ka koma na gaba. Alamar ya isa ita ce ka ga gam ya fito a layin haɗin ɗigo ɗigo kamar ƙwayar gero daga wannan baki har wancan, in ka ga haka ka tsaya, kar ka ɗauko fayif ka zura a mariƙi don ƙarin ƙarfi, haka ake kashe kilam a lotsa katako, obeche da malaina ma da hannu kawai suna lotsewa. Ka ɗora miƙaƙƙen katako a kai ka ga ko saman ya kwanta. In kabad ne ko firem, ka auna da tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ka auna ɗaya ɓangaren, in lambar ta zo ɗaya to ya zauna sikwaya, in ba ta zo ba ka sassauta ka ɗan karkata kilam ɗin zuwa ɓangaren da ya fi tsawo ka sake matsewa.

Wani abu da ke ɓata aiki mai tsada, in jiƙaƙƙen gam ya taɓa baƙin ƙarfe ya taɓa katako irin su madaci, sai ya bar baƙin tabo da ke shiga ciki, sanfefa ba ta cire shi da sauƙi. Ka manna salatif a kan fayif ɗin daidai inda layin gam zai sauka, ko ka sa leda. Ka bar aikin a matse aƙalla awa 1, da damina in ana marka ka ƙara masa sosai domin gam na ruwa ba ya bushewa da wuri in iska ta jiƙe, kuma kar ka sa masa filen ko nauyi sai ya kwana ya cika awa 24.

Saura tsatsa. Iskar Legas da danshi da gishirin teku ba ta barin ƙarfe, wanda shagonsa ke wajen Ajah ko Apapa ya fi kowa sani. Duk ranar da ka gama aiki ka kankare busasshen gam daga jikin sandar, domin shi ke hana bakin zamewa kuma ƙarƙashinsa tsatsa ke farawa. Sukurun ka ɗiga masa mai kaɗan. Sandar da fayif ɗin kuwa kar ka shafa musu baƙin mai ko giris, zai sa bakin ya dinga sulɓewa kuma ya ɓata maka katako har fenti ya ƙi kamawa, ka goga kyandir sama sama ka bi da busasshen tsumma. Kar ka bar su a ƙasa a kan siminti, ka kafa katako a bango ka rataye su, ruwa ya sha shiga shagunan mutane a watan Yuni da Yuli cikin dare. Ka kuma shafa musu fenti kala ɗaya a mariƙi, saboda a wajen aikin gini inda kafintoci da masu walda da masu tayil ke cakuɗe, kilam na saurin shiga jakar wani ba da niyya ba.

In kuɗin bai isa a sayi duka a tashi ɗaya ba, ga yadda za ka bi. F-kilam 4 masu inci 12 da robar tub a fara da su. Kuɗin aikin farko ka cire na kawunan kilam ɗin fayif seti 2, na biyu ka cika su seti 4. Kafin su cika, ka yi na katako da kanka, ka samu katako mai kauri miƙaƙƙe ka ɗaure masa guntaye biyu da sukuru, tazararsu ta ɗan fi faɗin aikin, ka kwantar da aikin a tsakani, ka fere 'yan katakai biyu masu tsini ka buga su suna fuskantar juna a ramin da ya rage, kana bugawa da guduma a hankali kana kallon layin gam ɗin. Ka sa leda a ƙarƙashi kar aikin ya manne da shi. G-kilam da bel su biyo baya, daga nan kuma duk ranar da kake tsakiyar haɗa aiki ka miƙa hannu ka ga babu, ka rubuta tsawon da ka rasa a bangon shago, shi za ka sayo guda 2 in ka sake shiga Idumota.